Abin Da Ya Sa Wani Kare Ke Son A Rungume Shi

Wanda ya bi ta wajen mayankar Zango a Tudun Wada ta Kaduna da sassafe zai ga karnuka suna shawagi, ba mai yarda a matso kusa da shi. Amma a gidan ɗan farauta sai a ga kare ya zo ya jingina da ƙafar ubangidansa, ya ɗora haɓa a cinyarsa, har a tallabe shi ya yi lamo. Mutane su kan ce hali ne. Lalle akwai hali, amma akwai reno ma.

Kwikwiyo a makonninsa na farko ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, sai ya cusa tsakanin uwarsa da 'yan'uwansa. Tun daga nan ya ke sanin haɗa jiki shi ne ɗumi da nono. Sa'an nan daga mako 3 zuwa 12 ya ke koyon wanda zai amince da shi. A 1961 masana a Amurka sun ba da labarin wani gwaji, inda suka bar kwiyakwiyai da uwayensu cikin fili mai shinge. Waɗanda aka riƙa ɗauka ana shafawa da wuri sun saba da mutum. Waɗanda aka ƙyale har mako 14 kuwa sun tashi da tsoronsa, sai ka ce namun daji.

Har wa yau akwai wani sinadari a jiki, oksitosin, wanda manomi ya san aikinsa ko bai san sunansa ba, don shi ke sa saniya ta saki nono in maraƙinta ya matso. A 2015 masana a Japan sun nuna in kare da ubangidansa suka daɗe suna duban juna, sinadarin nan ya kan ƙaru a jikinsu su duka biyu.

To, amma ba kowane kare ke so ba, yara kuwa ba su san haka ba. In aka rungumi kare ya kau da kai, ya kwantar da kunnuwa, yana lasar baki, ko jikinsa ya sandare, a sake shi nan da nan. Fuskar yaro daidai bakin kare ta ke, shi ya sa cizon yara ya kan yi muni.

Abin da ya fi wannan hatsari, kare mai gudun mutane ya wayi gari yana manne musu ba dalili. Haukar kare ta kan fara da sake hali irin wannan. A tsare shi, a kira malamin dabbobi. In ya yi cizo a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya jiran ganin alama. Allurar rigakafi, irin wadda a ke yi a Vom, a kan yi wa kwikwiyo ita in ya kai wata 3, sa'an nan a riƙa maimaitawa kowace shekara.