Ko Kun Sani?

Mayar da manhajar kimiyya zuwa Larabci ya wuce fassara kalmomi. Sai an juya fuskarta dungurungum, rubutu ya faro daga dama, amma lamba irin 250 tana nan daga hagu. Duk da haka ɗan tsangaya a Tudun Wada ko Bebeji zai yi turus, domin a allonsa na Warshu ɗigon harafin fa a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare shi a sama, a ƙarshen kalma ma ba a ɗiga musu. Sai a 2016 tsarin Unicode ya karɓi wannan salo. Ƙungiyar SIL kuma ta ƙera haruffan kwamfuta masu suna Alkalami bisa rubutun hannu irin na Kano, kuma kyauta ake sauke su.