Ciwon Da Ba A Rubuta Ba, Wa Zai Nema Masa Magani?

Idan yaro mai amosanin jini, wato sikila, ya tashi da ciwon ƙashi cikin dare a Ƙofar Durbi, iyayensa na iya samun abin hawa su kai shi Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. A can za a buɗe masa kati, a rubuta sunansa da abin da ke damunsa. To amma ɗan'uwansa da ke wani ƙauye a Batsari ko Safana fa, inda rashin tsaro ya hana fita da dare? Shi sai dai a gasa masa jiki da tsumma har gari ya waye. Azabar iri ɗaya ce, amma ɗaya kawai aka ƙidaya.

'Yan'uwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Masu bincike da littattafan asibiti suke aiki, hukuma kuma da sakamakon bincike take sayen magani. Wanda bai shiga littafi ba, ba shi da kaso.

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila kowace shekara a Nijeriya. Babu ƙasar da ta kai mu. Duk da haka, yawancin binciken da ake yi kan raɗaɗi a Turai da Amurka ake yin sa. A 2017 wani kwamiti na mujallar likitoci ta Lancet ya gano cewa rabin mutanen duniya, wato matalautan cikinsu, kashi 1 cikin 100 kaɗai suke samu na mofin da danginsa, magungunan da ke kwantar da matsanancin ciwo.

Ko a Amurka ma ba a tsira ba. A 2016 masana a Jami'ar Bajiniya sun gwada Turawa ɗaliban likita da sababbin likitoci, suka tarar wajen rabinsu sun yarda da aƙalla camfi guda game da jikin baƙar fata, kamar cewa fatarsa ta fi kauri. Masu irin wannan tunani sukan raina zafin da baƙin mutum ke ji. Da ba a tsaya an tattara bayani ba, wa zai san da haka?

Mu ma muna da namu. An hori 'ya mace da kunya da dauriya, har ta yi naƙuda ba a ji muryarta ba. Namiji kuwa an ce ba ya kuka. A asibiti akan ce wa majinyaci ya auna ciwonsa daga 0 zuwa 10. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, kuma ba ta saba kai ƙara ba, sai ta ce "da sauƙi" alhali ba ta runtsa ba. Haka za a rubuta.

Shi ya sa masana ke cewa bai isa a rubuta sunan cuta kawai ba. A rubuta shekarun mutum, mace ce ko namiji, birni yake ko ƙauye, zurfin karatunsa, sana'arsa da ƙarfin aljihunsa. A kuma tambaye shi da harshen da yake ji. Ta haka ne za a gane waɗanda aka bari a baya.

Mu fa, mene ne namu? Duk gidan da ke da mai sikila, a ajiye ƙaramin littafi. A rubuta ranar da ciwo ya tashi, kwana nawa ya yi, maganin da aka sha, kuɗin da aka kashe, da ranakun da yaro ya rasa makaranta. A tafi da shi wurin likita. Zumuntar mata da masu ziyarar marasa lafiya su taimaki waɗanda ba su iya rubutu ba. Idan ma'aikatan bincike suka zo, a nemi su bayyana manufarsu, su kuma yi alkawarin riƙe sirri, sa'an nan a faɗa musu gaskiya ba tare da ragewa ba.

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Amma sai ya faɗa, an kuma rubuta, kafin mai gyara ya zo.