Cire Famfon Zuciya: Yadda Likitoci Ke Auna Warkewa

Famfon LVAD ƙaramar na'ura ce da ake dasawa a jikin zuciyar da ta gaza, tana zuƙo jini daga ɗakin hagu tana tura shi babbar jijiya. Wayarsa tana fitowa ta fatar ciki zuwa baturan da mara lafiya ke rataye da su. An saba sanya shi ga mai jiran dashen zuciya, ko wanda zai rayu da shi har ƙarshe. Yanzu likitoci sun karkata ga hanya ta uku: zuciyar ta farfaɗo, a cire famfon.

Abin da ya jawo hankali shi ne saɓanin alƙaluma. A rajistar INTERMACS ta Amurka, waɗanda ake cire wa famfon saboda warkewa ba sa wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Amma a 2006, Asibitin Harefield na Ingila, ƙarƙashin Magdi Yacoub da Emma Birks, ya cire shi ga mutum 11 cikin 15. Binciken RESTAGE-HF na 2020 kuma ya cire wa 19 cikin 40. Dalili biyu ne. Na farko, sun zaɓi waɗanda ciwonsu bai samo asali daga toshewar jijiyoyin zuciya ba. Na biyu, sun nemi warkewar da gangan, suna ƙara magunguna irin su carvedilol da spironolactone yayin da famfon ke sauke wa zuciya nauyi.

Gwajin da kansa abu ne mai buƙatar natsuwa. Ana ba da maganin hana daskarewar jini, a rage gudun famfon har ya daina taimakawa, a jira minti 15. Likita na kallon allon eko, na'urar hoton zuciya: shin ɗakin hagu yana fitar da sama da kashi 45 na jininsa a kowane bugu? Faɗinsa ya gaza milimita 60? Ana zura siririn bututu a auna matsin jini a huhu, a ɗora mara lafiya kan keke ya yi gumi. Ana maimaita wannan cikin watanni, domin sakamako ɗaya ba ya isa hujja.

Ribar cirewa a fili take: an rabu da ciwon da ke kama mafitar waya, da shan maganin warfarin, da haɗarin zubar jini da shanyewar ɓarin jiki, kuma zuciyar da za a dasa ta koma ga wani. Hasarar gaggawa kuwa babba ce, domin zuciyar kan sake gazawa, a koma tiyata mai wuya.

Cikin waɗanda suka fi farfaɗowa har da mata masu ciwon zuciyar bayan haihuwa, wanda ya yawaita a Kano da Zariya. Saboda haka asibitin da ke dasa famfo ga matasa ya kamata ya tsara gwajin warkewa tun ranar tiyata.