Balas: Nauyin da ke Riƙe Jirgin Ruwa

Duk ɗalibin Panshekara da ya taɓa tsallaka layin dogo ta wajen Chalawa ya san tsakuwar nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin titin jirgi. Ma'aikatan reluwe na kiranta balas, amma asalin sunan daga teku yake. Tun kafin dogo ya iso Kano a 1911, balas shi ne nauyin da matuƙa ke jibgewa a can ƙasan jirgin ruwa mai tafiya da iska.

Dalilin ba boyayye ba ne. Iska na tura filafilan jirgi daga sama, tana neman ta kwantar da shi. Idan cibiyar nauyinsa tana ƙasa, da zarar ya karkata sai nauyin ya jawo shi ya miƙe. Malami na iya nuna wannan a aji da ƙwarya, kara da bahon ruwa: a kafa karan a tsaye cikin ƙwaryar, a hura, sannan a zuba yashi a gindinta a sake hurawa.

Ƙasar Suwidin ta koyi wannan darasi da tsada. Ran 10 ga Agusta, 1628, jirgin yaƙi Vasa ya bar tashar Stockholm ɗauke da igwa 64 da duwatsun balas kimanin tan 120, waɗanda suka yi masa kaɗan. Abin takaici, an riga an gani. A gwajin da aka yi, mutum 30 sun yi ta gudu daga wannan gefe zuwa wancan, amma bayan zagaye uku aka tsayar da su don gudun kada ya kife. Duk da haka aka sake shi. Bai wuce mita 1,300 ba iska ta karkatar da shi, ruwa ya kwararo ta kafofin igwa, ya nitse da kimanin rayuka 30. Sai a 1961 aka tsamo shi.

Tsohon jirgi kuwa matsalarsa daban ce, domin yakan bi hannaye da yawa, kuma kowane mai shi da irin gyaran da yakan yi. Wani ya kwashe ƙarfe ya zuba siminti, wani ya ɗora inji. Ai kuwa ba ɗaya ba ne: dalma ta ninka ruwa nauyi fiye da sau 11, ƙarfe kusan sau 8, kankare bai kai sau 3 ba. Wanda ya sayi jirgi bai binciki tarihinsa ba, bai san inda cibiyar nauyinsa ta koma ba. Gyara mai kyau ma akwai shi. A 1892 aka ba Joshua Slocum wani ruɓaɓɓen jirgin kamun kawa mai suna Spray a Amurka. Ya sake gina shi, ya sa balas na kankare ya ɗaure shi tamau don kada ya gusa, ya kewaye duniya da shi shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898.

Kwalekwalen Kogin Chalawa ba shi da filafilai, amma dokar ɗaya ce. A nan fasinjoji su ne balas, kuma balas ne mai motsi. Idan an cika kwalekwale bakinsa ya kusanci ruwa, mutum biyu suka miƙe tsaye ko suka ruga gefe guda, shi ke nan. A ƙarshen Nuwamba 2021 wani kwalekwale da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, mutane fiye da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi.