Yadda Ton 40 Ke Juyawa A Kan Boris

Bayan dokar 1976 wadda ta kafa Abuja, injunan ɗaga kaya masu dogon hannu sun cika sararin birnin. Shin wane irin ƙarfi ke juya su?

Injiniyoyi kan ninka nauyin da adadin gugar boris, sa'an nan da nisan bakin zoben daga tsakiyarsa. Alal misali, ton 40 a kan zobe mai nisan mita 1, gugarsa kashi 5 cikin 1,000, yana bukatar turin kilo 200. Daga nisan mita 10 kuwa, kilo 20 ya wadatar.

Amma da zarar ƙurar hunturu ta gauraya da giris, sai guga ta ƙaru, injin ya yi zafi, aiki ya tsaya. Saboda haka mai shafa giris ba ƙaramin ma'aikaci ba ne.