Kafin Sabon Injin Tsaga Katako Ya Fara Juyawa

Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991 gine-gine ba su tsaya ba, kuma duk gidan da aka gina sai ya nemi ƙofa da silin da gado da kabad. Shi ya sa matashin da ya gama koyon kafintanci a unguwar Nasarawa, da zarar ya tara 'yan kuɗi, abin da yake fara hange shi ne injin tsaga katako mai tebur, don ya huta da jigilar katako zuwa wurin masu inji da biyan kuɗin kowace tsaga. Burin mai kyau ne. Sai dai injin nan ba ya zuwa a shirye, ko sabo ne fil daga kwali, ko na hannu, ko wanda masu walda suka haɗa.

Faifan zarton da aka fi samu faɗinsa inci 10 ne, yana juyawa kusan sau 4,000 a minti guda. In ka yi lissafi, haƙoransa na gudun kimanin kilomita 190 a awa. A Amurka, inda ake ajiye alƙaluma, hukumar da ke sa ido kan lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa irin wannan faifai na jikkata mutane kusan 30,000 a shekara, kuma wajen 4,000 daga ciki suna rasa yatsu.

Sabon shiga yakan sa ido a gaban faifan, inda haƙora ke cin katako. Masifar kuwa daga baya take tasowa. Haƙoran gaba ƙasa suke yi, suna danne katako a kan tebur, na baya kuma sama suke tahowa. Idan tsagar ta matse bayan faifan, ko katakon ya ɗan karkace, sai haƙoran baya su cafke shi su wurgo wa mai aiki a ciki ko a ƙirji. Mafi muni, hannun da ke riƙe da katakon yakan bi shi zuwa kan faifai kafin mutum ya ankara. Akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ake ɗaurawa dab da bayan faifan, aikinsa ke nan: ya hana tsaga rufewa. Shi da murfin faifai su ne abubuwa na farko da ake cirewa a jefa ƙarƙashin benci, wai suna tare wa mutum gani. Wani ogan ma zai ce maka shekara da shekaru yana aiki ba su. To, a dubi hannuwan tsofaffin masu inji a ƙirga yatsu. Wanda zai ba masu walda aikin haɗa inji, ya sa wannan ƙarfe cikin ciniki tun farko.

Saitin kansa ba wuya, haƙuri yake so. A zare filogi tukuna. A girke injin a daɓe mai kyau inda ba zai yi rawa ba, a bar fili gaba da baya da zai ɗauki katako mai ƙafa 12, tare da benci a baya da zai tarbi abin da ya fito. Sai a zaɓi haƙori ɗaya a yi masa alama da biro, a auna tazararsa da kwarin da ke kan tebur yana gaba, a juya shi baya a sake aunawa. Awon biyu dole su zo ɗaya. Haka za a yi wa ƙarfen jagora da katako ke bi. In har za a samu bambanci, gara bayansa ya ɗan buɗe kamar kaurin takarda. Idan ya matso wajen faifai, an ɗana tarko ke nan. Daga nan a ɗora sukwaya a tabbatar faifan a tsaye yake cak, kada a yarda da lambobin da aka buga a jikin inji. Tsayin faifan kuwa, ya ɗara kaurin katako da 'yan milimita kawai.

Shi ma faifan a zaɓe shi daidai da aiki: mai haƙora 24 na tsaga ne a tsawon katako, mai 60 zuwa 80 na filawud da yankan gicciye.

Batun wuta a nan ya fi abin da littafin inji ya hango. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, don haka injin da aka kawo daga can zai ƙone in an jona shi kai tsaye. Motar irin wannan inji takan ci wat 1,500 zuwa 2,000, kuma a lokacin tashi tana jan ninkin haka, saboda haka ƙaramin janareta na kallon ƙwallo ba zai ɗauke ta ba. Ga kuma abin da ya fi ba ni tsoro: a ɗauke wuta ana cikin tsaga, kowa ya ce "NEPA!" ya koma inuwa, makunni na kunne, katako na kan faifai. Can an jima yaron shago ya zo share garin katako, sai a maido da wuta. Akwai makunni mai maganaɗisu wanda ke kashe kansa da zarar wuta ta ɗauke, ba ya tashi sai an sake danna shi. Injin da ba shi da irinsa a saya masa, a kuma haɗa masa wayar ƙasa.

Katakon ma da halinsa. Yawancin afara da obece da ake sayarwa a nan daga kudu ake kawo su da sauran danshi, in suka sha iskar hunturu ta kwarin Rima sai su lanƙwashe ta nan su murɗe ta can. Katakon da bai da gefe ɗaya miƙaƙƙe ba ya hawa inji sai an gyara gefen. Maɗaci da kawo masu tauri ne, a tura su sannu. Tsohon katakon rufi kuwa a bincika ƙusa.

Wani Ba'amurke, Steve Gass, ya ƙirƙiro injin SawStop a 1999, wanda ke tsayar da faifai da zarar ya taɓa fatar mutum. Tsadarsa ta fi ƙarfin mai farawa. Abin da ke hannunmu shi ne sandar turi, wadda kafinta zai yanka da kansa daga guntun filawud, ya riƙa amfani da ita duk lokacin da tsaga ta gaza santimita 15. Babbar riga da safar hannu da carbi a wuyan hannu duk a ajiye su gefe, a sa tabarau da abin toshe kunne da takunkumi, musamman wajen yankan MDF. Kada a yanka komai da ka, ba tare da jagora ba, kada kuma a tsaya saitin faifai. A ɗan goce gefe.

Tsagar farko a yi ta da guntun da ba a so. In gefen ya fito da baƙin ƙuna, ko an ji katakon na turjewa a ƙarshe, jagora ce ba ta daidaita ba ko faifan ya dakushe. A kashe, a jira ya tsaya cik, a zare filogi, a sake awo.