Shidaniyar 'yar ƙanwata da saƙon da ke tsara yatsu

Ranar da aka sallamo ƙanwata daga asibiti, gidana da ke Batterie IV aka kawo ta wankan jego. Inna ta karɓi jaririyar, ta buɗe hannunta na hagu, sai ta ce, "Af, ai shidaniya gare ta, irin ta kakanku! Ku kawo zare a ɗaure, kafin ranar suna ta bushe ta faɗi." Wata 'yar tsoka ce mai ɗan farce, tana reto a gefen ƙaramin yatsa.

Na ce, "Inna, a yi haƙuri tukuna, ungozoma ta ce a kai ta wurin likitan yara." Ta ce ita dai haka ta ga ana yi tun tana budurwa. Ni kuwa kimiyyar halittu nake koyarwa a sakandare, na san wani lokaci ƙarin yatsa alama ce ta abin da ido ba ya gani.

A makonni takwas na farkon ciki ake tsara hannu da ƙafa da fuska. Ƙwayoyin halittar ɗan tayi suna aika wa juna saƙo, kowace ta san inda za ta tsaya da abin da za ta zama. Ɗaya daga cikin hanyoyin saƙon sunanta Hedgehog, wato bushiya. A 1980 Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus suka gano ta a jikin ƙudan 'ya'yan itace, a ƙasar Jamus. Sun ga idan ƙwayar gadon ta lalace, tsutsar ƙudan takan fito da ƙayoyi duk jikinta kamar bushiya. A 1995 aka ba su kyautar Nobel.

Ikon Allah, wannan saƙon yana jikin kifi da kaza da tunkiya da ɗan Adam. A hannun ɗan tayi yana fitowa ne daga gefen ƙaramin yatsa, yana raguwa har zuwa gefen babban yatsa, da haka kowane yatsa ke sanin matsayinsa. Wasu nau'o'in shidaniya daga tangarɗar wannan hanya suke. Irin ta gefen ƙaramin yatsa ta fi yawa a cikinmu baƙar fata, tana bin jini, kuma galibi ba ta da wata illa. Amma akwai wadda ke zuwa tare da matsalar zuciya ko ƙoda, shi ya sa likita ke son ya duba jaririn gaba ɗaya.

Da dare na ba Inna labarin tumakin jihar Idaho a Amurka, don na san ta da son kiwo. A shekarun 1950 makiyaya suka riƙa ganin 'yan raguna masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Bayan dogon bincike aka gano wani tsiro ne, Veratrum californicum, da tumakin ke ci wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki. Sinadarin da ke cikinsa, cyclopamine, yana toshe saƙon bushiya, sai fuska ta kasa rabuwa biyu.  Inna ta yi salati, ta ce, "Ciyawa kawai?"

Idan saƙon ya ƙi yin shiru bayan ya gama aikinsa, nan ma matsala ce. Ƙwayoyin halitta sai su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Haka wani sankaran fata ke samuwa, wanda ya fi kama masu hasken fata da rana ta daɗe tana duka, haka ma wani sankaran ƙwaƙwalwa na yara. A 2012 Amurka ta amince da maganin vismodegib mai toshe saƙon don jinyar wancan sankaran fatar idan ya yi tsanani, amma an hana mai ciki shan sa, domin zai iya yi wa ɗan tayi irin abin da tsiron ya yi wa tumaki.

Wannan ne abin da nake so matanmu na Libreville su riƙe. Lokacin da ake tsara jaririn, sau da yawa mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Jiƙon da maƙwabciya ta kawo, ko ƙwayar da aka saya a kasuwar Mont-Bouët ba takardar likita, ba a san me za su taɓa ba. Mai ciwon suga kuma ta daidaita shi tun kafin ta ɗauki ciki.

Mun kai yarinyar kwana biyu kafin suna. Likita ya saurari zuciyarta, ya duba sauran jikinta, ya ce lafiya ƙalau, shidaniyar ma babu ƙashi a ciki, ya sa ranar da zai cire ta da kayan aiki masu tsabta. Da muka dawo, Inna ta mayar da zarenta cikin gwangwanin ɗinki, ta ce, "To, Allah Ya raya mana ita."